Shekarar da Ka Daina Haye Gada

Zuwa ga mahaifina, Malam Isufu direba, ɗan Tawa, mazaunin Banifandu a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ƴa ke yi wa ubanta tana durƙushe, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Hadiza, wadda ba ka taɓa kama sunanta ba saboda sunan mahaifiyarka ne, sai dai ka ce Uwata. Shekara biyu ke nan da ƴan watanni tun da aka fita da kai daga gidan nan. Inna tana lafiya, in ban da gwiwa da ke damunta in ta daɗe a tsaye. Ƙannena duka suna ɗakunansu, jikokinka sun ƙaru da ɗaya.

Wannan wasiƙa zan sa ta a shafina, inda mutane za su karanta. Sai da na yi shawara da Inna kafin in fara. Ta ce da kana da rai, kai da kanka za ka ce in rubuta da manyan baƙaƙe. Don haka ban ɗauka na tona maka asiri ba. Duk abin da zan faɗa, ka riga ka faɗe shi da bakinka a gaban mutanen da suka fi waɗannan iya dariya.

Ina shekarata ta farko a jami'a, can Lamorde, hayin kogi. Lokacin gada ɗaya ce ke haɗa gari da hayi, kowa ta nan yake bi: motoci, babura, amalanke, raƙuma da lodin itace. Kowace safiya kai kake kai ni a taksinka mai jan kai. Ina gaba, ka cika baya da fasinja. Ka fi shekara ashirin kana tuƙi a garin nan, ba a taɓa jin ka zagi wani a hanya ba. In direbobi suka yi rigima a tasha, kai ake nema. Kana raha da Zabarmawa da harshensu har su manta Bahaushe ne ke ja da su. Ni dai a ganina ba abin da ke iya girgiza ka.

A shekarar ne Baffa Hamisu, ƙanenka, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na ɗinki. Kai aka kira, kai ka sa shi a motarka, kafin ku isa asibiti rai ya yi halinsa. Aka ce zuciya ce. Ka zauna kwana bakwai kana karɓar gaisuwa, kana ba mutane haƙuri kamar su aka yi wa rasuwar. Rana ta takwas ka wanke mota ka fita aiki. Kowa ya yaba da dauriyarka.

Bayan kamar wata biyu, wata safiyar Litinin, muka shiga gada muka tarar wata babbar mota ta lalace a tsakiya. Gaba ba hanya, baya ba hanya, ruwa dama da hagu. Na juya zan yi maka magana sai na ga zufa na zuba daga ƙarƙashin hularka kamar an kwara maka ruwa. Kana jan numfashi kamar wanda aka shaƙe. Ka dafe ƙirji, ka dube ni, ka ce a hankali don kada na baya su ji, "Uwata, ina jin lokacina ya yi."

Ban san ihun da na yi ba. Wata mata a baya ta zuba maka ruwan gorarta a kai. Wani direba ya bar motarsa ya karɓi taka, aka yi ta roƙon mutane har aka samu aka juya. Abin mamaki, kafin mu isa asibiti ka dawo daidai, sai gajiya da kunya. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka duba zuciya, aka ɗebi jini. Likita ya ce komai lafiya, ka je ka huta.

Ka huta kwana uku, ka koma. Amma ba ka sake haye gadar ba. In fasinja ya ce hayi, sai ka ce ba can ka nufa ba. Ni kuma ka ce in riƙa shiga faba-faba, ƙananan bas ɗin haya, wai don in saba da zirga-zirgar gari. Na yarda, don ban taɓa jin ka faɗi abin da ba haka ba.

Daga gada abin ya bazu. Ka daina bi ta bakin babbar kasuwa saboda cunkoso. Ka daina tsayawa inda danja ke daɗewa. Ranar Juma'a, kai da ka saba sahun gaba, ka koma salla a bakin ƙofa, inda za ka iya fita in abin ya taso. Ya kuma taso maka sau da yawa, har a tsakar gida kana zaune ba abin da ya faru. Kowane tashi sai ka tabbata wannan karon mutuwa ce. Sau biyu muka sake kwasar ka zuwa asibiti, sau biyu aka ce lafiyarka lau. Daga ƙarshe ka ajiye motar a gindin dogon yaron ƙofar gida. Kullum da safe sai ka wanke ta tas, ka goge gilashi, ka koma kan tabarma ka zauna da yatsa biyu a wuyan hannunka kana sauraron bugun jininka.

Inna ta fara sayar da dambu da kopto, kwaɗon ganye, a ƙofar gida, ita da ba ta taɓa talla ba. Na ga yadda kake kawar da kai in masu saye suka yi sallama. Masu ba da shawara kuwa ba su ƙare ba. Wasu suka ce iskar kogi ce ta shafe ka. Wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi maka aiki, har da masu kama suna. Ka sha rubutu, ka yi hayaƙi, ka karɓi duk abin da aka kawo da godiya. Abu ɗaya ka ƙi: ka ce ba za ka ɗora wa wani bawan Allah laifin da ba ka gan shi ya aikata ba. Ko a cikin wannan hali ba ka yarda tsoro ya mayar da kai azzalumi ba.

Limamin unguwarmu ne ya fara kawo maganar da ta canja komai. Ka kai masa kuka cewa kana jin imaninka ne ya yi rauni, don mai tawakkali bai kamata ya ji tsoron mutuwa haka ba. Ya ce maka shekara nawa yana ganin ka a masallaci, bai ga raunin imani ba, mara lafiya ya gani. Ya ce ka riƙe addu'o'inka, ka kuma koma asibiti ka gaya musu abin da ke cikin ranka, ba abin da ke ƙirjinka kaɗai ba.

Ka koma. Wannan karon wani matashin likita muka samu. Ya duba takardun gwajin, ya ajiye, ya tambaye ka me kake tunani a daidai lokacin da abin ke tasowa. Ba wanda ya taɓa yi maka wannan tambaya. Da ka gama bayani, ya ce yana zaton ciwon fargaba ne, kuma akwai masu aikinsa. Ya rubuta takarda ya tura mu wani sashe can ƙurya, sashen da yaran gari ke tsokanar juna da shi in wani ya yi shirme.

Da muka dawo gida Inna ta yi kuka. Ta ce ƴaƴa mata uku gare ka ba wadda ta yi aure, wa zai nemi ƴar mutumin da aka gani a layin masu taɓin hankali? Ta roƙe ka ka bari a ƙara gwada na gida. Ka bar ta ta gama, sannan ka ce, "Ban yi sata ba, ban ci amanar kowa ba. Ciwo nake yi, an ce can ne maganinsa. Zan je." Ranar da aka ba mu, ka sa babbar rigarka ta Juma'a, ka shafa turare, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Ka tafi da ni don in fassara maka Faransanci. Muka tarar da Madam Ramatu, sikolog, wato mai jinyar damuwa ta hanyar zama da magana. Ƴar Damagaram ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwarka ba. Ɗakin ba komai sai kujera biyu, tebur da fanka. Ta gaishe ka da Hausa, ta tambayi mutanen Tawa, sannan ta ce mini in jira a waje, ba a bukatar tafinta. Na zauna a benci na ja mayafi na rufe rabin fuskata, don ɗaliban likitanci na jami'armu suna zuwa koyon aiki a wurin, ina tsoron wani ya gane ni.

Ka fito bayan kusan awa ɗaya da ƙaramin kaye, littafin rubutu, a hannu. Abin da ka fara cewa shi ne kana jin yunwa. Wata huɗu rabon da in ji wannan kalma a bakinka. A taksin da muka shiga zuwa gida ka yi ta mayar mini da abin da ta ce, da muryarka ta kullum, fasinjoji na saurare, ni kuwa kamar in nutse.

Ta ce maka Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da mai gadi. In haɗari ya zo, shi ke sa zuciya ta yi gudu, numfashi ya yi sama, zufa ta karyo, don mutum ya tsere ko ya kare kansa. Naka mai gadin ya firgita ne tun ranar Baffa Hamisu, ya koma buga ƙararrawa ko ba ɓarawo. Abin da kake ji a jikinka gaskiya ne, ba ƙirƙira kake ba, amma ba ciwon zuciya ba ne, ba hauka ba ne, ba ƙarancin imani ba ne. In ya taso yakan hau, ya kai ƙarshensa, ya sauka da kansa cikin ƴan mintoci. Abin da ke ciyar da shi kuwa gudu ne: duk wurin da ka kauce wa, ka tabbatar wa jikinka cewa lalle akwai haɗari a can, gobe sai ya ƙara maka wani wurin. Ka ce da ta faɗi haka sai ka ji kamar tana tare da kai a mota duk watannin nan.

Daga nan kowace Talata kana can. Likita ya haɗa maka da wani ƙaramin magani na ƴan watanni, amma babban aikin kai ka yi shi. Ta koya maka jan numfashi a hankali ta hanci, da sakinsa a tsawon da ya fi na ja. Kai kuma ka haɗa shi da tasbihi, ka ce haka ya fi zauna maka. A kayen nan kake rubutu da ajami, tunda ba ka yi lakol ba, wato boko: abin da ya faru, abin da ka zata zai same ka, da abin da ya same ka a ƙarshe. Wata rana ka nuna mini shafukan. Layin tsakiya duk magana ɗaya ce, zan mutu, zan mutu. Layin ƙarshe kuma: ban mutu ba, na sha shayi, ban mutu ba, na je masallaci. Ka yi dariya har da hawaye, dariyar farko a gidanmu tun rasuwar.

A zama na biyar ne, kamar yadda ka gaya wa Inna da kanka, ka yi kukan da ba ka yi ba ranar jana'iza. Ashe duk wannan lokaci kana ɗauke da wani abu da ba wanda ya sani. Ranar da ka ɗauki Baffa, ka zaɓi wata hanya kana ganin ta fi kusa, ka faɗa cunkoso. Ka yarda a ranka cewa da ka bi ɗayar da ya rayu. Madam Ramatu ba ta ce maka ka manta ba. Ta ce ka je ka tambayi likitan da ya karɓe shi. Ka je. Ya ce maka irin wannan faɗuwa, ko a ƙofar asibiti ta same shi da wuya a ceto shi. Ka dawo ka kwanta bayan azahar, ka yi barcin da sai da Inna ta tashe ka sallar la'asar.

Sai maganar gada. Madam ta ce ba za ka afka mata rana ɗaya ba, mataki-mataki za a bi, kuma kai za ka tsara matakan. Sati na farko ka je bakinta kawai ka zauna wurin mai shayi kana kallon masu wucewa. Sati na biyu ka taka da ƙafa zuwa turken fitila na farko, ka tsaya har bugun zuciyar ya sauka, ka dawo. Ka riƙa ƙara turke ɗaya-ɗaya. Wata rana abin ya fi ƙarfinka, ka juyo da sauri har takalminka ɗaya ya faɗi, ka yi amai a gefen hanya a gaban mutane. Ka dawo gida ka ce ka gama, ba za ka iya ba. Amma Talata na yi ka sa riga ka tafi ka gaya mata. Ta ce wannan ma cikin aikin yake, ku koma turken da ya gabata. Ka koma.

Baba, na sha jin ana yabon maza a kan jarumta, amma ban taɓa ganin ta da idona ba sai a wannan lokaci. Dattijo mai furfura, wanda gari ya sani, yana tsaye a gindin turken fitila yana ƙirga numfashi, ƴan kabu-kabu na wucewa suna kallonsa, gobe kuma ya dawo.

Bayan ƙafa, amininka Sumana direba ya riƙa haye da kai kana zaune a gefensa. Sannan ka tuƙa da kanka ranar Lahadi da sassafe, hanya ba kowa. Sai wata Litinin ka ce in shirya, kai za ka kai ni. Muka shiga gada da cunkosonta. A tsakiya na ga zufar ta fara. Na miƙa hannu zan taɓa ka, ka girgiza kai, ka ce, "Ga shi ya zo. Bar shi, zai tafi." Na ji kana ja kana saki, leɓɓanka na motsi. Motoci suka matsa, ka matsa. Muka sauka hayi. Wata tsohuwa da kwandon albasa ta ɗaga hannu, ka tsaya, ka fita ka sa mata kayan a but, kuka hau ciniki da Zabarmanci. Ni ce na sauka a ƙofar jami'a ina share ido.

Akwai abin da ban taɓa neman gafararka a kansa ba. Lokacin da kake zuwa wurin Madam, ƙawata Zalika ta tambaye ni me ke damunka. Na ce tansiyo. Ranar da ka sauke ni ta zo ta durƙusa ta gaishe ka, ta ce ya tansiyo, Baba? Ka dube ni sau ɗaya, ka ce mata da sauƙi, ƴata, Allah Ya yi albarka. Ka rufa mini asiri. Da yamma ina wanke-wanke ka tsaya kusa da ni ka ce, "Uwata, in faɗar gaskiyar ta yi miki nauyi, bar mini, ni zan ɗauka. Amma kada ki ji kunyata, don ni ban ji ba." Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke-wankena. Shekaru suka wuce, na yi aure, na haihu, kullum ina cewa zan tayar da maganar. Ka yafe mini, Baba. Yarinta ce, da tsoron bakin mutane.

Kai kuwa ba ka ɓoye ba. A fadarku ta direbobi, inda kuke shan shayi bayan la'asar, ka ba da labarin tun daga farko, har da takalmin da ya faɗi. Suka yi dariya, suka laƙaba maka Mai Gada. Ka amsa sunan, har ya bi ka zuwa ƙarshen rayuwarka. Amma waɗanda suka yi dariyar a fili, su ne suka riƙa zuwa gida ɗaya-ɗaya suna cewa ana sallama da Malam Isufu. Wannan matarsa ce tun da ta haihu ba ta iya zama ita kaɗai. Wancan ɗansa ne ya bar makaranta saboda in aka ce ya tashi ya yi magana sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ba ka taɓa mayar da kanka likita ba. Kakan saurara, ka ce kai ba ka san ko irin naka ne ba, amma ka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ranar Talata ka ɗauke su a motarka, ka jira su a waje, ka mayar da su gida. Ranar zaman makokinka wata mata da ba wanda ya san ta ta zo ta zauna kusa da Inna. Ta ce kai ka kai ɗanta sau shida, yanzu yana koyarwa a wani kwaleji, kuma ba ka taɓa gaya wa kowa sunansu ba.

Ba ka kuma taɓa cewa ka warke sarai ba. Shekarar da aka yi wa Inna aiki abin ya leƙo, ka koma wurin Madam sau biyu ko uku, kamar yadda mutum ke kai mota garaji in ya ji wata ƙara. Da ajalinka ya zo, ciwon suga ne ya kwantar da kai, kuma waɗanda ke kanka sun ce ka tafi cikin natsuwa, kana salati.

Yanzu ga dalilin wasiƙar. Baba, ni ma ya same ni.

Ban gane shi ba, don bai zo da kamannin naka ba. Ni ba faɗuwa nake ba, ba na jin zan mutu. Nawa zullumi ne da ba ya sauka. Ya fara kamar wata shida bayan rasuwarka. In Mamman, maigidana, ya yi tafiyar aiki, sai in kira shi sau goma kafin azahar. In bai ɗauka ba, kafin minti biyar na riga na ga motar a kife, na ga masu gaisuwa a tsakar gida. Ina cikin koyar da ɗalibaina sai in bar su da aiki a allo, in hau kabu-kabu in je in leƙa makarantar yarana don in tabbata suna nan. Kafaɗuna kullum a ɗaure, cikina ba ya karɓar abinci, barci rabi-rabi. Na zama mai faɗa. Na daka wa wata yarinya tsawa a aji saboda bik ɗinta na rubutu ya faɗi, har yau ina jin kunyar idonta. Duk wanda ya yi mini magana sai in ce ai haka uwa take. Ni da na zauna a bencin nan, ni da na ga komai da idona, na yi fiye da shekara ina ba abin wani suna.

Wata yamma ƴata Nana, babbar jikarka, ta yi lattin dawowa daga makarantar allo da kamar minti ashirin. Na fita titi ba mayafi, ba takalmi, ina tare mutane ina tambaya. Ashe malaminsu ne ya tsayar da su share fili. Da ta shigo na rungume ta, na kuma hau ta da faɗa har ta fashe da kuka. Inna ta zo mana kwana biyu a lokacin, tana zaune tana kallo. Ta jira sai da na natsu. Sannan ta ce, "Hadiza, na taɓa hana mutum zuwa neman magani, Allah Ya sa bai ji maganata ba. Gobe ki shirya, ni zan raka ki."

Ta raka ni, da gwiwar tata. Madam Ramatu ta yi ritaya, wani matashi ne na samu, mai haƙurin sauraro. Ya ce ciwon fargaba iri-iri ne. Akwai mai zuwa farat ɗaya kamar naka. Akwai mai zama da mutum dare da rana kamar nawa. Akwai na tsoron idon jama'a, akwai na tsoron abu guda. Ya ce kowa na damuwa, wannan ba ciwo ba ne. Yana zama ciwo in ya daɗe, ya fi ƙarfin dalilinsa, ya fara cin aikin mutum da barcinsa da zamansa da iyali. Ya ce kiran da nake yi wa Mamman yana ba ni sauƙi na minti kaɗan, amma shi ke koya wa zuciyata cewa ba za ta iya zama da rashin sani ba.

Wata uku ke nan ina zuwa duk Alhamis. Ya sa na ware wa damuwa lokacinta, minti goma sha biyar bayan la'asar. In tunani ya zo da safe sai in rubuta shi in ce ya jira. In lokacin ya yi sai in duba: wanda ke da abin yi, in yi, wanda ba shi da shi, in bar wa Mai shi. Rabinsu ma kafin la'asar sun zama abin dariya. Satin da ya wuce Mamman ya tafi Doso kwana biyu, sau ɗaya na kira shi kowace rana. Kada ka ɗauka da sauƙi na yi. Hannuna ya kai kan wayar ya fi a ƙirga, har sai da na sa ta a cikin tukunyar da ba a amfani da ita na rufe. A ranar na san abin da ka biya. Da ina ganin na fahimci wahalarka don na kalle ta. Ashe ko kusa ban kai ba.

Ban warke ba tukuna, amma ina cin abinci, ina gama darasi ban bar aji ba, kuma na nemi yarinyar nan mai bik na ba ta haƙuri a gaban ƴan ajinsu.

Shekaranjiya ina yi wa Nana kitso ta tambaye ni ina nake zuwa duk Alhamis. Na ce mata ina da ciwon da ke sa ni jin tsoro fiye da kima, ina zuwa wurin wanda ke koya mini yadda zan bi da shi. Sai ta ce, yara ma suna yin sa? Ta ce ita duk ranar da za a yi musu dikte, wato shifta, cikinta ke murɗawa tun daga gida, wani lokaci har ta shiga bayi ta ƙi fitowa, amma ba ta faɗa ba don kada in ƙara damuwa. Shekararta takwas, Baba, tana ɓoye nata don ta sauƙaƙa mini nawa. Na ajiye matajin, na juyo da ita, na ce daga yau a gidan nan ba mai ɗaukar irin wannan shi kaɗai. Na ɗora hannunta a cikina, na ɗora nawa a nata, muka ja numfashi tare muka saki, har ta fara dariya. Na kuma ce mata in ya ci gaba za mu je tare a duba. Ta ce to. Rabin kan nata a tsefe muka yi sallar magariba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Isufu. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka amintar da shi daga dukkan firgici ranar da zukata ke rawa. Duk wanda ya samu sauƙi ta hanyarsa, Ka kai masa ladan. Ka haɗa shi da ɗan'uwansa Hamisu a Aljanna. Ka saka wa masu zama su saurari bayinKa da alheri. Wanda ke fama a ɓoye, Ka ba shi bakin faɗa, Ka haɗa shi da kunnen da zai ji. Ka ba Inna lafiya da tsawon rai, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Ka huta lafiya, Baba.

Ƴarka mai alfahari da kai,
Hadiza, wadda kake kira Uwata.
Banifandu, Yamai.